Yadda ake kafa ban ruwa na ɗigo da famfon sola a gonar rani, mataki-mataki

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tambayar da manoman rani suka fi aiko mana ita ce yadda za su rabu da injin fetur su koma sola. Da yawa cikinsu kuma suna haɗawa da batun ban ruwa na ɗigo, wato wanda ake shimfiɗa siraran tiyo a gindin shuka, ruwa yana ɗiga kaɗan-kaɗan daidai inda saiwa take. A ganina nan noman rani ya dosa, domin mai ya yi tsada, masu haƙa rijiya a fadama sun ƙaru, ruwan kuma bai ƙaru ba. Sai dai wanda ya fara da zuwa kasuwa kafin ya auna ruwansa, yawanci yakan dawo da kayan da ba su dace da rijiyarsa ba. Saboda haka a bi matakan nan yadda aka jera su. Misalin da za mu riƙa komawa gare shi shi ne fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 50, wato rubu'in hekta, wanda za a dasa wa tumatir.

1. A auna ƙarfin rijiya

Kayan aikin wannan mataki ba su wuce jarka mai cin lita 25, da agogon waya, da igiya mai ɗan dutse a ƙarshenta ba. A ari injin ban ruwa, a tayar da shi, a bar shi yana ja na tsawon awa biyu zuwa uku ba tare da tsayawa ba, sannan a tara jarkar a ƙirga daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta cika. Idan ta cika a daƙiƙa 30, rijiyar tana bayar da lita 50 a minti ɗaya, wato lita 3,000 a awa. A maimaita awon sau uku a ɗauki mafi ƙanƙanta. Idan bakin rijiyar yana da faɗin da igiya za ta shiga, a auna zurfin ruwan kafin a tayar da inji, a sake aunawa da zarar an kashe shi, domin wannan zurfi na biyu shi ne wanda famfo zai riƙa ɗagowa daga gare shi.

Gargaɗi: awon da aka yi a watan Nuwamba yakan yaudari manomi, saboda a lokacin ƙasa na ɗauke da ruwan damina. Awon gaskiya shi ne na Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa kuma shuka ta fi buƙatarsa. Wanda dole ta sa ya auna da wuri, ya tambayi maƙwabtansa na fadama yadda rijiyoyinsu suke ja da baya a bazara, ya rage lissafinsa gwargwadon haka.

2. A duba irin ruwan

A cika farin bokiti da ruwan a ajiye shi ya kwana. Idan aka tarar da yashi ko laka a ƙasa, to matacin ruwa zai sha aiki, kuma sai an tanadi mai girma. Idan ruwan ya fito garau amma ya wayi gari ya yi ja-ja kamar tsatsa, akwai ƙarfe a cikinsa, kuma irin wannan ruwan yana toshe ramukan tiyo a hankali. Maganinsa shi ne a bar shi ya sha iska ya kwanta a kwalbati ko tanki kafin a sake shi gona. Idan kuma ƙasar da aka saba ba wa ruwan tana yin farin ɓawo kamar kanwa, alamar gishiri ce, kuma ya kamata a kai samfurin ruwan a gwada ta hannun malamin gona kafin a kashe ko sisi.

Masu ɗibar ruwa daga magudanun Kadawa, ko na Bakolori, ko daga kogi da tafki, matsalarsu laka ce da gansakuka, don haka su ma su riƙe abin da za a faɗa a mataki na shida da kyau.

3. A lissafa abin da gona za ta sha

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace murabba'in mita ɗaya ta tumatir da ya girma tana shan kimanin lita 4 a rana a lokacin sanyin hunturu, ta kai lita 6 ko fiye idan zafin bazara ya shigo. Filinmu yana da murabba'in mita 2,500, ke nan yana buƙatar lita 10,000 a rana a hunturu, da lita 15,000 a bazara. Kullum da adadin bazara ake aiki.

Yanzu a haɗa da awon mataki na farko. Famfon sola yana aiki da cikakken ƙarfinsa ne na kimanin awa biyar zuwa shida a yini, daga hantsi zuwa la'asar. Rijiyar da ke bayar da lita 3,000 a awa za ta tara lita 15,000 zuwa 18,000, wato ta ishi rubu'in hekta, amma ba za ta ɗauki rabin hekta ba ko da an sayi famfo mafi tsada a kasuwa. Idan lissafi ya nuna ruwan bai kai ba, filin za a rage. Babban famfo a kan ƙaramar rijiya ba ya ƙara ruwa, sai dai ya ƙafar da ita ya jawo yashi, daga ƙarshe ya ƙone.

Daga nan sai lissafin tiyo. Idan tazarar layukan tumatir mita ɗaya ce, za a sami layi 50, kowanne mita 50, jimilla mita 2,500 na tiyon ɗigo. Tiyon da ake sayarwa yawanci mai kaurin milimita 16 ne, kuma ramukansa suna zuwa da tazara daban-daban. Na santimita 30 ya dace da tumatir da tattasai da attaruhu, na santimita 20 ko ƙasa da haka ya fi dacewa da albasa da karas da latas, haka nan da jigawa, inda ruwa ke nutsewa tsaye ba ya yaɗuwa gefe. Da tazarar santimita 30, filinmu zai kasance da ramuka kusan 8,300.

4. A zaɓi famfo da farantan sola

Famfo zai riƙa ɗaga ruwa ne zuwa tanki, daga tankin kuma ruwan ya gangaro cikin tiyo. Abu biyu za a je wa mai shago da su a rubuce: yawan ruwan da ake so a awa, da tsayin da famfo zai ɗaga shi. Tsayin shi ne zurfin ruwa a lokacin da ake ja, a haɗa da tsayin bakin tanki daga ƙasa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda gogayyar ruwa a cikin bututu, ko fiye da haka idan tankin yana da nisa. Idan ruwa yana mita 13, bakin tanki yana mita 5, to a nemi famfon da zai bayar da lita 3,000 a awa a tsayin mita 20. Irin wannan aiki yakan buƙaci famfo mai ƙarfin wat 400 zuwa 500, su kuma farantan sola su fi shi ƙarfi da kamar kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, domin ƙura da zafi suna rage abin da faranti ke bayarwa.

Gargaɗi: lambobin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali su ne mafi yawan ruwa da mafi tsayin ɗagawa, kuma famfo ba ya yin biyun a lokaci guda. A nemi jadawalin da ke cikin takardar famfon, a duba nawa yake bayarwa a daidai tsayin da ake buƙata. Mai shagon da ya ƙi nuna takardar, a bar masa kayansa.

Sai kuma irin famfon. Wanda ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kuma wannan ba laifin kamfani ba ne, haka dokar iska da ruwa take. Shi ya dace da rijiyoyin fadama masu ƙanƙanin baki, da kogi, da magudana. Ruwan da ya fi haka zurfi sai sumo, wanda ake zurawa cikin rijiyar. A auna faɗin bututun rijiya kafin a sayi sumo, domin mai inci huɗu ba zai shiga bututu mai inci uku ba. A rataye shi da igiya mai ƙarfi, ba da wayarsa ba, ya kasance ruwa ya rufe shi sosai amma bai taɓa ƙasan rijiyar ba, kuma a tabbatar kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa wutar da farantai ke ba shi, tana kashe shi da kanta idan ruwa ya ƙafe.

Farantan su fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa su kamar digiri 12 zuwa 15, nesa da inuwar bishiya. A yi musu firam na ƙarfe a walde ƙusoshin, ko kuma a yi wanda za a iya cirewa a kai gida da yamma, domin satar faranti a gonakin da ba a kwana ta zama ruwan dare. Ban ba da shawarar sayen batir ba. Kuɗinsa ya fi amfani idan aka ƙara shi a kan tanki, tunda ruwan da aka tara da rana shi ne ajiyar da ake buƙata, kuma tanki ba ya mutuwa bayan shekara biyu.

5. A ɗora tanki

A sa tankin a wuri mafi tudu a gonar, gindinsa ya kai tsayin mita biyu zuwa uku daga ƙasa. Ya zama baƙi kuma a rufe, saboda hasken rana yana haifar da gansakuka. Mafitar ruwa ta ɗan ɗara ƙasan tankin da kamar faɗin tafin hannu domin laka ta sami wurin kwanciya, sannan a yi wata mafitar a can ƙasa ta wanke shi.

Gargaɗi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 5,000 tan biyar ne idan ya cika. Turakun katako da aka kafa a taɓo ba za su ɗauke shi ba, ga kuma gara. A yi ginin bulo da siminti ko ƙarfe mai kauri a kan tushe mai kyau, kuma kada a bar yara su riƙa zama a inuwarsa.

6. A ɗaura mataci

Ramin tiyon ɗigo bai kai ƙwayar gero girma ba, hanyar da ruwa ke bi a cikinsa kuma ta fi haka ƙanƙanta, shi ya sa tsarin gaba ɗaya ya dogara da mataci. A nemi mai lamba 120 (lambar ita ce ma'aunin ƙanƙantar idon ragarsa), a ɗaura shi nan da nan bayan bawul ɗin tanki, a bi alamar kibiyar da ke jikinsa. Mai raga ya isa ga ruwan rijiya mai tsabta, amma ruwan magudana ko tafki yana buƙatar mai faya-fayai a ciki, wanda ya fi kama gansakuka. Ya kasance ya fi ƙarfin ruwan da zai ratsa shi, domin ƙaramin mataci yana cinye ɗan matsin da tanki ke bayarwa.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan tsari shi ne wannan: ruwa ya rage gudu, yaron gona ya buɗe mataci ya ga ya toshe, sai ya zare ragar ya ajiye gefe don aiki ya yi sauri. A ranar ruwa zai gudu da kyau, amma cikin makonni kaɗan layuka za su fara bushewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ramin da laka ta daskare a cikinsa da wuya ya sake buɗewa. A koya wa duk wanda zai taɓa tsarin yadda ake wanke mataci da tsohon buroshin haƙori, a kuma ajiye raga ta biyu a gona.

7. A gyara ƙasa a shimfiɗa bututu

A yi huɗa, a farfasa dunƙulalliyar ƙasa, a tsince duwatsu da kututturan dawa da za su iya huda tiyo, a zuba takin gargajiya da kamfa a gauraya su da ƙasa tun yanzu. Ban ruwa na ɗigo ba ya buƙatar fangali, kunya mai faɗin kai ake yi, kuma idan filin yana da gangara, kunyoyin su gitta gangarar, kada su bi ta.

Babban bututu, mai inci ɗaya da rabi zuwa biyu, ya ratsa tsakiyar filin, layukan ɗigo su fita hagu da dama, kowanne mita 25. Dalili shi ne matsin tanki mai tsayin mita biyu ko uku ba shi da yawa, kuma idan layi ya yi tsawo, shukar da ke kusa za ta ƙoshi ta ƙarshe ta yi yaushi. A raba filin gida biyu, kowane ɓangare da bawul ɗinsa. A huda babban bututun da abin hudawa na musamman da ake sayarwa tare da mahaɗai, a sa robar da ke hana yoyo, sannan a cusa mahaɗin. Ƙusa mai zafi tana yin rami marar daidaito wanda zai yi ta zuba har ƙarshen rani. Ramukan tiyo su kalli sama, saboda laka a ƙasan tiyo take kwanciya. A shimfiɗa shi da safe, kada a ja shi ya yi tsam, domin yana miƙewa da rana ya tsuke da dare.

8. A wanke layuka a gwada

Kafin a toshe ƙarshen kowane layi, a saki ruwa ya fita da ƙasa da ɓarɓashin roba da suka shiga lokacin aiki, har sai ya fito garau. Sannan a lanƙwasa ƙarshen sau biyu a zura shi cikin guntun tiyo.

Daga nan sai gwajin kofi. A sa ƙananan kofuna ko gwangwanin madara a ƙarƙashin rami na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a layuka uku ko huɗu, a bar ruwa na minti goma, a jera kofunan a kwatanta. Idan na ƙarshen layi bai kai kashi huɗu cikin biyar na na farko ba, a duba mataci da yoyo, idan kuma ba su ba ne, a ƙara wa tanki tsayi ko a ƙara raba filin. Wannan gwajin ne kuma zai nuna ainihin abin da kowane rami ke bayarwa. Tiyon da aka rubuta wa lita ɗaya a awa yana bayar da hakan ne a matsin da ya yi daidai da tsayin mita 10. A ƙarƙashin tankinmu kusan rabin lita zai bayar. Ke nan kowane ɓangare na filin yana shan kimanin lita 2,000 a awa, kuma yana buƙatar kusan awa huɗu a rana a tsakiyar bazara, awa biyu da rabi a hunturu.

9. A yi dashe a tsara ban ruwa

A jiƙa kunyoyin sosai kwana ɗaya kafin dashe, a dasa da yamma, kowane dashe kusa da rami da kamar tsawon yatsa. Ƙaramin dashe ba ya shan abin da babba ke sha, don haka a fara da kashi ɗaya cikin uku na lokacin, a riƙa ƙarawa har zuwa fure da 'ya'ya. A jigawa a raba ruwan biyu, safe da yamma. A ƙasa mai laka sau ɗaya ya isa.

Manomin da ya saba ganin fangali cike da ruwa zai ga saman ƙasa a bushe ya ɗauka shuka na jin ƙishi. Kada a yi hukunci da ido. A tona gefen shuka zurfin tafin hannu, a dunƙula ƙasar: idan ta dunƙulu ba ta ɗiga ba, daidai ne, idan ta wargaje a ƙara lokaci, idan ta fitar da ruwa a rage. Abin da tumatir ya fi ƙi shi ne yau a cika masa gobe a hana shi, domin hakan ke jawo tsagewar 'ya'ya da baƙin ruɓa a gindinsu. Albasa kuwa ana yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin cira, don ta jure ajiya. Rufe kunya da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa yana rage ƙafewar ruwa, yana kuma kare tiyo daga rana.

Yuriya tana narkewa tas, ana iya jiƙa ta a bokiti, a tace da ƙyalle, a zuba a tanki, ta bi ta mataci, sannan a bi ta da ruwa zalla na rabin awa. Kamfa na buhu ba ya narkewa duka, kada a kuskura a sa shi a tanki.

A nan ina so in ja hankali kan wani abu da sola ta zo da shi. Da, tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Yanzu da rana ke aiki kyauta, ana ganin famfo yana zuba a banza bayan tanki ya cika, alhali rijiyoyin fadama ɗaya daga tushe ɗaya suke sha, kuma wanda rijiyarsa ba ta da zurfi shi zai fara rasawa. A sa na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika, kuɗinta kaɗan ne. Manoman fadama ɗaya kuma su zauna su amince da tazarar da za a bari tsakanin sababbin rijiyoyi, su riƙa auna zurfin ruwa wata-wata suna rubutawa.

10. Lissafin kuɗi

Farashi yana bin canjin dala, saboda haka a rubuta jerin kayan da adadinsu, a karɓi farashi a rubuce daga shaguna uku a mako guda. Famfo da farantai da firam su ne kaso mafi nauyi, sai tanki da gininsa, sai tiyon ɗigo, sannan babban bututu da mataci da bawul da mahaɗai. A ƙara kashi goma cikin ɗari na tiyo da mahaɗai saboda gyara, a kuma sa kuɗin mota da na mai haɗawa. Farantai masu kyau suna wuce shekara 20, amma siririn tiyo rani ɗaya zuwa uku yake yi, don haka kuɗin sabunta shi ya fito daga cinikin kowace shekara.

Don sanin ko jarin zai dawo, a lissafa man da ake ƙonawa. Wanda injinsa yake shan lita 4 duk ranar ban ruwa, sau uku a mako, na mako 16, ya ƙona lita 192 a rani ɗaya. Ya ninka da farashin lita a garinsu, ya ƙara baƙin mai da gyaran inji da ladan masu juya ruwa. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fara da duro mai lita 200 a kan tudu da layuka kaɗan a murabba'in mita 50 zuwa 100, yana cika shi sau biyu ko uku a rana, ya koyi aikin a rani ɗaya kafin ya ci bashi. A mataci da kwantirola kuwa kada a nemi araha.

11. Kulawa da ajiya

A wanke mataci kullum idan ruwan magudana ne, bayan kwana biyu ko uku idan na rijiya ne. A buɗe ƙarshen layuka a wanke su duk mako biyu. A goge farantai da ruwa da ƙyalle mai laushi da sassafe, musamman a hunturu, kada a watsa musu ruwa da tsakar rana suna da zafi. Ɓera da gafiya suna huda tiyo don neman ruwa, masu noma da fartanya ma suna yanka shi, saboda haka a zagaya layuka lokacin da ruwa ke gudu. Inda aka ga tsartuwa a yanke wurin a haɗa da mahaɗi, kada a ɗaure da leda.

Idan an gama girbi, a wanke layukan wankin ƙarshe, a bar su su tsane, a naɗe kowanne daban a kan katako ba tare da karya shi ba, a rataye a inuwa inda ɓera ba zai kai ba. A zubar da ruwan tanki a wanke lakar, a kwance mataci da bawul a kai gida, a cire famfon da ke bakin rijiya kafin ruwan damina ya malale fadama.